Faifan Matmura da Faifan Sinnar

Takardu dubu ɗaya da ɗari uku da shida aka ceto daga cikin dubu biyu da ɗari ɗaya da arba'in. Sauran sun tafi, kuma babu hanyar dawo da su. Musbahu Ibrahim ne ya faɗi wannan adadi a gaban kwamitin Hillat Almu ranar Laraba bayan la'asar, bayan ya yi kwana huɗu yana aiki a wani aji na makarantar firamaren ƙauyen, ajin da shi kaɗai ya rage da ƙofa. Takardar da yayarsa Hannatu take jira tana cikin waɗanda aka ceto, amma rabinta kawai.

Takardar ta mijinta ce, marigayi Hamid: jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa. Da ita 'yarsu Rayan za ta samu lambar ƙasa, kuma ba a rubuta sunan kowa a jarrabawar kammala sakandare sai da lambar. Yaƙi ya riga ya ci wa yarinyar shekara biyu. Ainihin takardar ta jiƙe ta dagargaje a cikin jaka a daminar bara, a kan hanyar gudu. Abin da ya rage shi ne hotonta da aka ɗauka a Sinnar.

Hillat Almu ƙauyen Hausawa ne a bakin Shuɗin Nilu, tsakanin Wad Madani da Sinnar. Kakannin mutanensa daga ƙasar Sakkwato suka zo, wasu suka yi aikin gina madatsar ruwa ta Makwar, 'ya'yansu suka zama manoman auduga da dawa. Sun daɗe da sanin cewa a ofis akan tambaye su takardar uba, wani lokaci har da ta kaka. Shi ya sa a 2021, lokacin da Musbahu yake kula da ɗakin kwamfutoci a Madani, kwamitin ƙauyen ya roƙe shi ya haɗa musu na'urar da za a adana hotunan takardun kowane gida. Ya haɗa ta da manhajar kwamfuta ta FreeBSD, ya sa mata faifan ajiyar bayanai biyu tagwaye: duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take ana rubuta shi a ɗayan, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya rage. Ya kuma kulle abin da ke ciki, yadda ba a karanta komai sai da kalmar sirri da wani ɗan filas da ake cusa mata a matsayin makulli. Dattawa ne suka nace kan kullen. Ya koya wa Ustaz Bilyamin, malamin lissafi a makarantar kuma taubashinsa, yadda ake tayar da ita, ya rubuta masa umarni a takarda guda ya manna a gefen na'urar.

Da yaƙi ya iso yankinsu na Gezira a watan Disamba na 2023, Musbahu yana Madani, daga can ya wuce Kasala da iyalinsa. Kwamiti ya yi abin da aka saba yi da amanar jama'a a ƙauyen: ba a barinta a hannu ɗaya. Bilyamin ya ɗauki na'urar da faifai ɗaya ya nufi Sinnar. Malam Mati, dattijon kwamitin, wanda ya ƙi barin gida, ya naɗe ɗaya faifan a leda da tsohon rawani ya binne shi a matmura, ramin da ake ajiye dawa a ƙarƙashin ƙasa. A Sinnar Bilyamin ya tayar da na'urar da faifai ɗaya, kamar yadda Musbahu ya karanta masa ta waya, ya ci gaba da ɗaukar takardun duk wanda ya zo, wata goma sha huɗu. Ta Hamid ma a nan aka ɗauke ta, mako biyu bayan rasuwarsa, domin da ransa bai taɓa yarda ta bar aljihunsa ba.

Musbahu ya iso ƙauyen ranar Lahadi da hantsi, bayan kwana biyu a mota. Shekarunsa arba'in da uku, kuma shekara ɗaya da rabi ke nan gyaran waya yake yi a bakin kasuwa. Ya tarar da Bilyamin zaune a kan bencin ɗalibai, na'urar a kashe a kan teburin malami, an lulluɓe ta da zane.

"Sannu da hanya, bashmuhandis, babban injiniya," in ji Bilyamin. "Kasala ta karɓe ka. Ka yi tumbi muna nan muna ramewa."

"Ba tumbi ba ne, kumburin mota ne. Hwaɗa mini mi kunka yi."

"Ni dai abin da ka rubuta na bi."

"Tun daga farko, ya zol, mutumina. Kar ka tsallake komi."

Bilyamin ya faɗa. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce aka yi zaman mayar da amana. A Hillat Almu, idan amana ta dawo, babba ne yake fara miƙa tasa a gaban shaidu, a buɗe a duba, a ce ta cika, sannan ƙarami ya miƙa. Ba a taɓa juya wannan tsari ba, ko da tukunyar maulidi ce. Saboda haka Bilyamin ya cire nasa faifan daga na'urar, ya saka na Malam Mati shi kaɗai, ya tayar da ita, ya buɗe kulle. Shaidu suka ga takardun 2021 lafiya lau, aka yi fatiha. Sannan ya jona nasa.

"Sai jihaz ɗin ya ƙi," in ji Bilyamin, yana nuna na'urar. "Ya rubuto wani dogon Turanci."

"Ka karanta?"

"Mutum goma sha ɗaya suna bayana, Baba Mati yana tari. Na duba takardarka. Ka ce in faifai ya ƙi shiga, a buga kaza, a buga kaza."

Musbahu ya ɗaga zanen ya karanta rubutun hannunsa. Haka ya rubuta. Umarnin na ranar da faifai zai mutu a sayo sabo ne: a ce wa na'ura ta manta da tsohon, ta karɓi wannan a matsayin fanko, ta kwafe masa komai. Bai rubuta cewa kada a yi haka ga faifai mai kaya ba. A 2021 bai kawo a ransa cewa tagwayen za su yi wata goma sha huɗu kowanne a gari dabam ba.

Na'urar ta yi abin da aka ce mata. Ta fara shimfiɗa tsohon faifan matmura a kan faifan Sinnar daga farkonsa, tana rufe sabbin takardu da tsofaffi. Abin da ya tsayar da ita shi ne batirin sola, wanda ya ƙare ana kiran la'asar. Bilyamin ya tuna lambar da ya gani a allo kafin ya ɗauke: talatin da takwas cikin ɗari.

"Ka sake kunnawa bayan nan?"

"Wallahi a'a. Da na ga takardun Sinnar ba su hito ba, sai na bar ta haka nan. Na kira ka."

"To wannan kaɗai ka yi daidai."

"Ai da ma a gidanmu ake haihuwar masu hankali. Ku gidanku sai rubuta takarda."

Musbahu ya jawo jakarsa ya zauna aiki.

Bai taɓa faifan Sinnar da wani gyara ba. Ya fito da faifan da ya zo da shi daga Kasala, ya jona su a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya fara kwafe na Sinnar gaba ɗaya, daga gidan farko na ƙananan gidajen ajiya da aka rarraba faifan zuwa na ƙarshe, don in ya yi kuskure ya yi shi a kan kwafi. Aikin da zai ɗauki awa goma a wurin da ke da wuta ya ci kusan kwana biyu. Allon sola biyu ne suka rage a rufin makarantar, batirin kuma ya tsufa. Daga ƙarfe tara zuwa uku ake samun wuta. Zafin watan Afrilu ya sa faifan yana ƙuna a hannu, sai ya jiƙa buhu ya rataye a taga, ya ɗora faifan a kan tubali biyu don iska ta bi ta ƙasa.

Hannatu ta zo da azahar ranar Litinin da kwanon kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa. Ta girme shi da shekara shida. Ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta tsaya tana kallon lambobin da ke tafiya a allo.

"Ta hito?"

"Ban kai can ba tukuna, Yaya."

"Sun ce rajistar jarrabawa za a rufe Alhamis ta sama."

"Na ji."

"Rayan ta daina buɗe littafi. Ta ce mi amfanin."

"Ki ce ta buɗe."

"Kai ka hwaɗa mata. Kawunta kake." Ta gyara mayafinta. "Ni ba na gane abin nan naku. An ce guda biyu ne don kar a rasa. To ga biyun nan a gabanka."

Musbahu ya ce mata haka ne, ga su nan. Ta juya ta tafi.

Da safiyar Talata kwafin ya kammala. Ya saka filas ɗin, ya buga kalmar sirri. Kwamfutar ta amsa cewa ba ta ga alamar kulle a faifan ba. Ya sake, amsa ɗaya. Ya karɓi filas ɗin Bilyamin ya gwada, haka dai. Idan alamar kulle ta goge, duk abin da ke ciki ya zama tarkacen lambobi, har da kashi sittin da biyun da ba a taɓa ba. Ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirji, ya yi kusan rabin awa bai buga komai ba. Bilyamin ya fita ya dawo da shayi biyu, ya ajiye, wannan karon bai yi wata ba'a ba.

Abin da ya ɓace wa Musbahu ƙaramin abu ne, kuma da yana kan aikinsa na da, da ba zai ɗauke shi minti biyar ba. Manhajar kulle tana neman alamarta a gidan ƙarshe na faifai. Manhajar tagwaye ita ma a gidan ƙarshe take ajiye tata. Lokacin da ya haɗa na'urar, tagwaye ya fara yi, sannan ya ɗora kulle a kansu, don haka alamar kulle tana gida ɗaya kafin na ƙarshe. Yanzu da ya ware faifan shi kaɗai, manhajar tana leƙa gidan da ba nata ba. Ya umarci kwamfutar ta ɗauki kwafin kamar ya gaza da gida ɗaya, ya sake buga kalmar sirri. Kulle ya buɗe.

"Halas? An gama?" in ji Bilyamin.

"Ƙofa ce kawai ta buɗe. Ba mu ga ɗakin ba."

Ɗakin a hargitse yake. Gaban faifan na 2021 ne, bayansa na Sinnar. Jerin sunayen fayiloli yana gaba, saboda haka ya tafi. Musbahu ya saki manhajar duba faifai ta bi ta tsinto duk abin da ke kwance a baya ba mai shi. Tana cikin wannan aiki Malam Mati ya shigo, yana dogara sanda, ya zauna a kujerar malami da Bilyamin ya jawo masa. Shekarunsa sun haura tamanin.

"Ɗan Ibrahim, an ce nawa ne ya cinye na yaron nan."

"Ba laifinka ba ne, Baba. Naka ya hito lafiya. Ko danshi bai taɓa shi ba."

"Matmura ba ta cin amana. Dawar da munka binne tare da shi muke ci yanzu." Ya yi tari. "To mi ya sa?"

"Na Ustaz ya kamata a fara sakawa. Shi ne ya ci gaba da aiki, shi ya san abin da ya faru bayan rabuwa. Naka ya tsaya a ranar da anka binne shi."

"Da an hwaɗa mini, da na ce a fara da nashi."

Bilyamin ya sunkuyar da kai. Musbahu ya san babu wanda zai iya faɗa wa Malam Mati haka a gaban shaidu goma sha ɗaya, kuma ya san dattijon ma ya sani.

"Ni ya kamata in rubuta, Baba," ya ce. "Ban rubuta ba."

"To ka rubuta yanzu. Da Larabci da Hausa. Manya-manya, don masu tari irina." Ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya juyo. "Ta gidan Hamid na ciki?"

"Ban sani ba tukuna."

Kafin wuta ta ɗauke, manhajar ta tara fayiloli dubu ɗaya da ɗari uku da shida a wuri ɗaya. Babu mai suna a cikinsu, lamba ce kawai a kan kowanne. Ba yadda za a san ta wane gida ce sai an buɗe an gani.

Ranar Laraba tun ƙarfe tara aka fara. Hannatu ta zo da mata uku, cikinsu har da Inna Kulu, ungozomar ƙauyen, wadda ba ta karatu amma ta san fuskar kowa da ta uban kowa. Musbahu yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, Bilyamin yana karanta suna, Inna Kulu tana faɗin gida. Shaidar haihuwa, takardar hawasha, wato gonar da hukumar noman rani ta ba mutum, katin asibiti, takardar aure. Wasu ba na Hillat Almu ba ne, na mutanen wasu ƙauyuka ne da suka haɗu a Sinnar.

"Wannan ai Almu Gajere ne," in ji Inna Kulu, ta matso da fuskarta kusa da allo. "Kai, hoto ya yi mishi adalci. Ko a samartaka bai kai haka ba."

Matan suka yi dariya kaɗan. Da aka wuce ɗari biyar dariyar ta ƙare. Wasu fayilolin baƙi ƙirin suke buɗewa. Wasu kan nuna goshin mutum da hularsa, daga nan zuwa ƙasa toka-toka. Musbahu ya bayyana musu sau ɗaya: babban hoto ba a wuri ɗaya yake kwance ba, in wani ɓangarensa ya faɗa gaban faifan, wannan ɓangaren ya tafi. Bai sake bayani ba. Yatsansa ya gaji, ya koma amfani da hagu.

Ta Hamid ce ta ɗari tara da goma sha bakwai. Hannatu ce ta fara ganewa, tun kafin Bilyamin ya buɗe baki.

"Tsaya."

Hoton Hamid ya fito, yana saurayi, da siririn gashin baki. Sunansa, sunan ubansa da na kakansa, ƙauye, shekarar haihuwa, duk sun fito tsaf. Daga tsakiyar takardar zuwa ƙasa babu komai sai toka. A nan lambar takardar take, da hatimi, da sa hannu.

"Sauko da ita ƙasa," in ji Hannatu.

"Iyakarta ke nan, Yaya."

"Ka sauko dai."

Ya sauko da ita har ƙarshe don ta gani da idonta. Ta duba, ta koma ta zauna. Inna Kulu ta dafa mata gwiwa. Ba wadda ta yi kuka. Bayan ɗan lokaci Hannatu ta ce a ci gaba, akwai masu jira.

Musbahu ya bar Bilyamin da matan a kan na'urar ƙauyen, ya koma kan tasa. Ya lalubo bayanin fayil ɗin, ya ga gidajen da sauran hoton ya kamata ya kasance. Gidaje ne na kashi talatin da shida cikin ɗari na faifan. Ya buɗe su. Babu komai ciki sai fankon da faifan matmura ya shimfiɗa. Ya duba ko Bilyamin ya taɓa ɗaukar takardar sau biyu, ko ya tura wa wani ta waya. Bilyamin ya ce wayar da yake da ita a lokacin an karɓe ta a wani shingen hanya.

Da la'asar ya tsaya a gaban kwamiti ya faɗi adadin. Ya ce iyalai ɗari da sittin ne abin ya shafa, kuma duk mai ainihin takardarsa ya kawo a sake ɗauka. Ya ce takardar umarnin da aka bi shi ya rubuta ta, kuma ta gaza. Wani ya tambaya ko a Madani akwai wanda ya fi shi sani. Ya ce akwai, amma abin da aka rubuta a kansa ba ya dawowa a hannun kowa. Sannan Malam Mati ya ce a rubuta wa Hannatu wasiƙar kwamiti, shi zai sa hannu, kuma zai je da kansa ya yi shaida cewa ya san Hamid, ya san ubansa, ya ga kakansa.

Ranar Alhamis da sassafe suka hau ƙaramar bas zuwa ofishin bayar da lambar ƙasa a Sinnar: Hannatu, Rayan, Malam Mati da Bilyamin. Musbahu ya zauna ya ƙarasa aiki. Ya haɗa tsofaffin takardu da waɗanda aka ceto a faifai ɗaya, ya duba su, sannan ya mayar da tagwayen, wannan karon daga mai kaya zuwa ɗayan. Ya zauna a gaban allon har lambar ta kai ɗari. Ya rubuta sabon umarni a kwali, da Larabci da Hausa, layin farko yana cewa idan faya-fayan suka rabu, kada kowa ya haɗa su sai an kira shi.

Sun dawo gab da magariba. Bilyamin ne ya ba shi labari, domin Hannatu gida ta wuce kai tsaye. Sun yi awa huɗu a layi. Ma'aikacin ya karɓi rabin takardar da aka buga, ya karɓi wasiƙar, ya saurari Malam Mati har ya gama, ya ba shi kujera ma. Sannan ya ce ba shi da ikon karɓar kwafi marar lamba, ba shi kuma da ikon ƙi. Sai an nemo lambar a tsohon kundi, ko shugabansa ya sa hannu. Kundin a Madani yake kafin yaƙi, kuma bai san ko yana nan ba. Shugaban ya yi tafiya. Ya ce su leƙo ranar Litinin.

Musbahu ya bar Hillat Almu ranar Asabar da safe, domin wanda ya bar wa teburin gyaran wayarsa a Kasala kwana goma ya ba shi. Kafin ya tafi ya kira mutum biyu da ya sani a Madani ya roƙe su su tambayi labarin kundin. Ɗaya ya ce zai gwada. Wayar ɗayan ba ta shiga. Har motar ta wuce Sinnar ba wanda ya kira shi, kuma saura kwana biyar a rufe rajista.